Kafin A Yanka Yadin Kwat

 Ƙungiyar 'Yan Jarida ce ke muku sallama a fitowarta ta wannan mako.

Kowa ya san saura 'yan makonni a yi bikin yaye 'yan aji shida. Tun ranar da aka ce maza za su iya zuwa da kwat da wando, hirar yadi ta ture hirar jarrabawa a makarantar nan. Wannan ya ce nasa Super 150 ne, wancan ya ce shi ba ya saka abin da bai kai 200 ba, wani ma ya ce yayansa zai aiko masa da 300 daga Legas. Wanda ba shi da lambar da zai faɗa kuwa, sai ya yi shiru ya shiga wasa da biro. Wannan shirun ne ya dame mu.

Akwai 'yan aji shida a cikinmu, saboda haka maganar ta shafe mu kai tsaye. Amma 'yan matan ƙungiyar ne suka fara tayar da ita a taronmu. Suka ce su dai ba kwat za su saka ba, sai dai sun san inda kuɗinta zai fito: adashen iyaye mata, da ɗan abin da iyaye maza suka ajiye don kuɗin makarantar ƙanne. Tunda haka ne, in ji su, ya kamata a san abin da ake saye. Muka ɗauki mako uku muna bincike. Mun tambayi malamai, mun yi karatu, mun je wurin tela, mun shiga kasuwa, mun ƙare a ɗakin gwaje-gwaje. Abin da muka samo a taƙaice shi ne: lambar da ke bakin yadi ba ita ce yadin ba.

RAGON LAYYA BA YA BA DA KWAT

Yadin kwat na asali da ulu ake yinsa, wato gashin tumaki. To amma ba irin tumakinmu ba. Malaminmu na aikin gona ya bayyana mana cewa Yankasa da Uda da Balami, waɗanda muke gani kullum a kara, gashi ne da su gajere, mai kauri, miƙaƙƙe, wanda ba ya kaɗuwa ya zama zaren kirki. Allah ya yi su daidai da zafin ƙasarmu, amfaninsu nama da fata.

Tunkiyar da ke ba da ulun kwat sunanta Merino. Gashinta siriri ne ƙwarai, mai laushi, kuma kowane sili a lanƙwashe yake, in ka ja shi ka saki sai ya koma yadda yake. A ƙasar Sifen ta yi suna, kuma mutanen Sifen sun daɗe suna tsare ta da doka mai tsanani, ba a yarda a fitar da ko ɗaya waje ba, domin ita ce arzikinsu. Sai a ƙarni na 18 ƙofa ta buɗe. A 1765 aka kai wani garke yankin Saxony na Jamus, a 1786 aka kai wani Faransa, a 1797 kuma aka ɗebo wasu 'yan kaɗan daga Afirka ta Kudu aka sauke su a Ostareliya. Yau Ostareliya ce ke samar da mafi yawan lallausan ulun da duniya ke yin tufafi da shi, Afirka ta Kudu da Niyuzilan da wasu ƙasashen Kudancin Amurka suna taimaka mata.

Yawanci sau ɗaya a shekara ake yi wa tunkiya aski. Gwanin aski yana gama tunkiya guda cikin minti biyu zuwa uku, ya tuɓe mata gashin gaba ɗaya kamar an cire bargo. Abin da ake samu a jikin guda yakan kai kilo 4 zuwa 5, amma da maiƙo da ƙura da ƙaiƙayi a ciki. In an wanke, wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Shi ma maiƙon ba a zubarwa, shi ne lanolin da ake sawa a man shafawa.

Daga nan aikin ya yi kama da wanda kakanninmu mata suka sani da auduga. Waɗanda suka ga ana kaɗi da mazari sun san bambancin abawa da arafiya: ɗaya zare ne mai kauri, ɗaya siriri. Haka ulu yake. Akwai wanda ake barin gajerun gashi da dogaye a cakuɗe, a kaɗa shi da sako-sako, ya fito da gashi-gashi. Da shi ake yin bargo da rigar sanyi. Akwai kuma wanda ake tajewa, a fitar da gajerun, a jera dogayen su kwanta gefe da gefe, sannan a murza su da ƙarfi su zama zare mai santsi. Wannan na biyun shi ne na kwat, kuma Turawa suna kiransa da sunan Worstead, wani ƙauye a gabashin Ingila da ya shahara da saƙarsa tun ɗaruruwan shekaru.

Wurare biyu suka fi suna wajen saƙar wannan yadi. Na farko yankin Yorkshire a arewacin Ingila, musamman garuruwan Huddersfield da Bradford. Na biyu Biella da kewayenta, a gindin duwatsun arewacin Italiya. Duka biyun suna da ruwa mai daɗin wanki da ke gangarowa daga tsaunuka, irin wanda sabulu ke kumfa a cikinsa da sauri, kuma wanke ulu da rina shi suna buƙatar irin wannan ruwan. A yankin Biella akwai masaƙar Vitale Barberis Canonico, wadda ke lissafin tarihinta tun daga 1663, akwai Reda da aka kafa a 1865, akwai Ermenegildo Zegna da aka kafa a 1910. Ku lura da tafiyar: tunkiya a Ostareliya, masaƙa a Italiya ko Ingila ko Sin, ɗan kasuwa ya ɗauko a jirgi, sannan tela a unguwarmu. Duk wanda ya taɓa kayan a hanya sai ya ci ribarsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ulu na gaske ba zai taɓa zama kayan araha ba.

ME LAMBAR TAKE NUFI?

Asalin lambar tsohon lissafi ne na 'yan kasuwar Bradford. Sukan ɗauki laba ɗaya na tajajjen ulu, wato giram 454, su tambaya: ƙullin zare nawa zai bayar, in kowane ƙulli tsawonsa yadi 560 ne na awo? Ulun da ya ba da ƙulli 64, lambarsa 64. Wanda ya fi siranta zai ba da zare mafi tsawo, lambarsa ta ƙaru. Mun buga lissafin a allo: ƙulli 100 sau 560 ya ba mu yadi 56,000, wato zaren da ya haura kilomita 51, daga ulun da bai kai rabin kilo ba.

Yanzu an bar wancan lissafin, na'ura ce ke auna kaurin silin gashi da wani ma'auni da ake kira maikiron. In ka raba milimita ɗaya gida 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiron. Gashin kan mutum yakan kai wajen maikiron 70. Ƙungiyar masu harkar ulu ta duniya, IWTO, ta tsara ƙa'ida: yadin da aka rubuta wa Super 100, kada matsakaicin kaurin gashinsa ya wuce maikiron 18.75. Duk ƙarin goma a lamba, ragin rabin maikiron ne. Ke nan Super 120 shi ne 17.75, Super 150 shi ne 16.25, Super 200 shi ne 13.75. Jadawalin a 250 ya tsaya. Saboda haka muna ba ɗan uwanmu mai jiran 300 daga Legas haƙuri, babu ita a littafin. Ƙa'idar ta kuma ce ba a rubuta kalmar Super a yadin da aka cakuɗa da foliyesta.

Ku duba da kyau. Tsakanin Super 100 da Super 150, tazarar maikiron biyu da rabi ce kacal, abin da ido ba ya gani. Kuma abu ɗaya tak lambar take faɗa: sirantar gashi. Ba ta faɗi ƙarfin zaren ba, ba ta faɗi kyan saƙa ba, ba ta faɗi nauyin yadin ba, ba ta faɗi shekara nawa zai yi a jikinka ba. Hasali ma, siririn gashi ya fi laushi da sheƙi, amma ya fi saurin gajiya. Yadi mai babbar lamba na mutumin da ke da kwat goma ne, yana saka kowace sau ɗaya a wata, daga mota mai sanyi zuwa ofis mai sanyi.

ABIN DA TELA YA NUNA MANA

Mu biyar muka je shagon wani dattijon tela da ya shekara fiye da talatin yana ɗinkin kwat, yawancin masu kawo masa aiki lauyoyi ne da ma'aikatan banki. Muka gaishe shi, muka faɗi abin da ke tafe da mu. Ya yi dariya, ya ture tabarau kan goshi.

Ya ce, "'Ya'yana, ku ma cutar lamba ta kama ku?"

Muka ce, "Baba, maganinta muka zo nema."

Bai yi dogon bayani ba. Ya jawo yadi biyu masu launi ɗaya, ya damƙe kowanne a tafin hannu, ya ƙirga goma, ya saki. Na hannun dama ya buɗe a hankali, kafin mu gama kallo alamar damƙar ta kusa ɓacewa. Na hagu ya buɗe da wani irin tauri, yana sheƙi kamar leda. Ya ce mu taɓa da bayan hannu, mu kuma goga su a kumatu. Daga nan ya ɗaga na daman ya saita shi da hasken ƙofa, muka ga haske yana ratsowa ta 'yan ƙananan ƙofofi.

Ya ce, "Kun gani? Wannan yana numfashi. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, tambayar farko ita ce nauyi, ta biyu saƙa. Lamba ita ce ta ƙarshe."

Ya yi mana bayanin cewa ana auna yadin kwat da giram a kowace mita. Na ƙasashen sanyi yakan kai giram 350 zuwa sama, wanda in ka saka shi a nan ka shiga tanda da ƙafarka. Na ƙasar zafi yakan tsaya tsakanin 200 da 260, da zare mai murɗi sosai da saƙa mai sakin iska. Ya ce babban mutum yana cin mita uku zuwa uku da rabi na yadi mai faɗin santimita 150, kwat da wando.

Ɗayanmu ya ce, "To Baba, da ɗanka ne zai saka, wace lamba za ka zaɓa masa?"

Ya ce, "Yaro mai hawa A Daidaita Sahu, mai zama a benci? Daga 100 zuwa 120, in ma ulun ne. Abin da ya wuce haka, wata shida gwiwa ta yi ƙyalli, mazaunai su sule. Kuma ku riƙe wannan: yadi rabi ne, ɗinki rabi. Kwat da ta zauna a kafaɗa, ko da yadin talaka ce, ta fi mai tsada da ke lilo a jiki kamar an rataye ta a ƙusa."

Ya ƙara nuna mana abin da ba mu taɓa lura da shi ba, wato shafin ciki. Ya ce mutum zai kashe kuɗi ya sayi ulu mai shan iska, sannan a yi masa shafi da yadin roba, ya zama ya gina ɗaki mai taga ya toshe ta da leda. Da za mu tafi ya ba mu ƙyallen ulu guda daga ragowar aikinsa, ya ce mu je mu gwada da na kasuwa.

WUTA BA TA KARANTA TURANCI

A kasuwa muka shiga shaguna uku. A kowanne muka sayi ɗan ƙyalle daga yadin da aka rubuta wa Super a bakinsa da zare mai ruwan gwal: ɗaya 150, ɗaya 180, ɗaya 220. Dukansu an rubuta da Turanci wai ulu ne zalla, biyu wai daga Ingila, ɗaya wai daga Italiya. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne kuɗinsu bai kai na matsakaiciyar shadda ba.

Malaminmu na kemistiri ya yarda ya tsaya mana a ɗakin gwaje-gwaje. Kafin a kunna wuta ya tuna mana darasin aji biyar: ulu da gashin kanmu da farcenmu duk abu ɗaya ne ya gina su, sinadarin keratin. Foliyesta kuwa daga man fetur take, 'yar uwar robar gorar ruwa ce. Muka zare zare daga kowane ƙyalle, na tsaye da na kwance, aka riƙe da hantsaki aka kai bakin wuta.

Ƙyallen Baba tela ya ƙi kamawa da kyau. Ya ƙudundune, ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago, da aka janye shi daga wuta ya mutu da kansa. Abin da ya rage baƙin gawayi ne, muka murza ya zama gari. Na 220 ya narke, ya yi baƙin hayaƙi da warin ƙonanniyar leda, ya bar wani dunƙule mai tauri da ba ya murzuwa. Na 180 ya yi haka shi ma, sai dai wani sashensa ya ci da sauri da warin ƙonanniyar takarda, Malam ya ce alamar an haɗa foliyesta da zaren da ake yi daga itace ke nan. Na 150 ne kaɗai ya ɗan yi ƙaurin gashi, amma shi ma ya bar dunƙulen roba, wato gauraye ne. Cikin uku, babu ko ɗaya da ya cika abin da aka rubuta masa.

Malam ya ƙara mana da dalilin da ya sa bambancin yake da muhimmanci a jiki. Ulu yana iya shanye danshin da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da ka ji shi a jiƙe ba, sannan ya sake shi a iska. Foliyesta ba ta shan ko kashi 1 cikin 100. Gumin da ka yi a cikinta yana nan tare da kai. Ku tuna bikinmu a damina za a yi shi, a cikin zaure cike da mutane.

Ba mu kawo wannan don mu ci mutuncin 'yan kasuwa ba. Da yawansu yadda aka sayar musu haka suke sayarwa, rubutun kuma a masaƙa aka saƙa shi tun kafin kayan su hau jirgi. Yadin roba shi ma ba haramun ba ne: yana da ƙarko, yana da sauƙin wanki, yana da sauƙin kuɗi. Laifin shi ne a sayar maka da shi da sunan wani abu, ka biya kuɗin suna, har ka zo kana yi wa ɗan uwanka gori da shi.

Kuma kada wanda aka taɓa yi wa haka ya ji kunya, an yi wa waɗanda suka fi shi. A majalisar dattawan Ingila akwai wata babbar matashiya ja da shugaban majalisar ke zama a kai. Tun zamanin Sarki Edward na Uku, a ƙarni na 14, aka ɗauki al'adar cusa ta da ulu don tunawa da cewa ulu ne tushen arzikin ƙasar. A 1938 aka buɗe ta, sai aka tarar gashin doki ne a ciki. Sai da aka sake cusa ta da ulu na gaske. In masu ulun da kansu sun zauna a kan gashin doki ba su sani ba, ina ga ɗan aji shida?

INDA ABIN YA FI CIWO

Akwai wani ɗan uwanmu a aji shida da ya yarda mu ba da labarinsa ba tare da suna ba. Mahaifinsa ya yi ritaya, mahaifiyarsa ke riƙe da gidan da sana'ar ƙosai. Yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari a lissafi. Ya gaya mana cewa ya yanke shawarar ba zai zo bikin ba, zai ce ba shi da lafiya. Mahaifiyarsa ta ce za ta ɗauki adashenta ta saya masa yadi, shi kuma ya san kuɗin na jarin mai da wake ne. Ya ce gara ya zauna a gida da ya zo a tambaye shi lambar yadinsa.

Shekara shida yana zuwa makarantar nan da ƙafa, rana da ruwa. Sannan rubutun da wuta ta ƙaryata cikin daƙiƙa biyar ya hana shi zuwa karɓar takardarsa a gaban mahaifiyarsa? Wannan shi ne abin da ya sa muka cika allon nan da maganar yadi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne mu ba baƙin tufafi ba ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata tana nan har yau. A Kaduna an buɗe babbar masaƙar zamani tun 1957. Ko yanzu, ka ba mahaifiyarka shadda ka ce Getzner ce ta Ostiriya, ba za ta tsaya karanta takardar da aka manna ba. Za ta murza, ta ɗaga a rana, ta duba ciki da baya, ta gaya maka gaskiya. Wannan idon muna da shi a gida. Da an ce yadin kwat ne, sai mu ajiye idon mu kama lamba, don kawai da Turanci aka rubuta ta.

Ba muna cewa a guji kwat ba ne. Wasunmu za su zama lauyoyi, kuma kotu tana da irin shigarta. Wasu za su yi aikin banki, wasu za su je neman aiki a inda ake son ta. Sanin ta zai yi mana amfani. Amma mutunci bai taɓa zama a cikinta ba. A watan Yulin 1961, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Amurka, ya gana da Shugaba Kennedy, ya yi jawabi a majalisarsu, da babbar riga a jikinsa. Ba wanda ya tambaye shi lamba.

SHAWARARMU

Ga wanda ya ƙudura sai ya ɗinka, kuma gidansu da hali:

1. Je ka wurin tela kafin ka je kasuwa. In ya yarda, ku tafi tare. Matambayi ba ya ɓata.

2. Tambayi nauyin yadi kafin lambarsa. Ɗaga shi a haske, damƙe shi ka saki, goga shi a bayan hannu.

3. In an ce maka ulu ne zalla mai babbar lamba, kuɗinsa kuma bai kai na shadda ba, ka san amsar. Saye shi a matsayin yadin roba, a farashin yadin roba, ko ka bar shi.

4. Nemi ɗan zare daga gefe ka gwada. Amma a gaban babba, a waje, da ruwa a kusa. Ba a ɗakin kwana ba, ba a aji ba.

5. Zaɓi launi mai duhu, shuɗi ko ruwan toka, wanda zai yi maka biki, ya yi maka jami'a, ya yi maka neman aiki. Ka ce wa tela ya bar rara a ƙafar wando da ƙugu, domin har yanzu girma kake yi.

6. Kada ka raina gwanjo. Sau da yawa kwat ɗin ulu ta gaske tana can a rataye, da takardar bayaninta a aljihun ciki, a kuɗin da bai kai na sabon yadin roba ba. Tela ya rage maka ita daidai jiki.

7. In ka samu ta ulu, kada ka jiƙa ta a ruwan zafi ka cuɗa, za ta ƙanƙance ta cure. Kakkaɓe ta da buroshi, rataye ta a inuwa ta sha iska, in za ka yi guga ka shimfiɗa ƙyalle mai ɗan danshi tsakaninta da dutsen guga. Ajiye ta da kafur saboda asu.

Ga wanda gidansu ba hali kuwa, kaftaninka na Sallah wankakke gogagge ya wadatar, har da ƙari. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Muna kuma roƙon shugaban makaranta da kwamitin biki, cikin girmamawa, su fito a taron safe su faɗa da bakinsu cewa kwat ba dole ba ce, kuma mai kaftani da mai babbar riga da mai kayan makaranta duk layi ɗaya za su tsaya a hoto. In daga sama maganar ta fito, za ta sauke wa iyaye da yawa nauyi. Mu 'yan aji shida na wannan ƙungiya mun riga mun yi shawara a tsakaninmu: duk abin da kowa ya saka ranar, ba za mu tambayi lambar kowa ba, ba kuma za mu faɗi tamu ba.

A ƙasan wannan takarda mun maƙala ƙyalle biyu, mun sa musu A da B. Ɗaya ulu ne daga shagon Baba tela, ɗaya kuma shi ne mai lamba 220. Mun yanke rubutun bakinsu. Ku taɓa, ku damƙe, ku ɗaga a haske, sannan ku rubuta wanda kuke ganin shi ne ulun, ku jefa a akwatin ƙungiya da ke ƙofar laburare. Don Allah kada a cire su, kada kuma a kawo ashana kusa da allo. Za mu bayyana amsa a fitowa ta gaba, tare da sunan ajin da ya fi cinka daidai.

Allah ya ba 'yan aji shida sa'ar jarrabawa.



Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida